Daga Bokiti da Soso Zuwa Aspetar: Tarihin Likitan Gashi a Filin Ƙwallo

 A wannan karo za mu waiwayi tarihin wani mutum da kowa ke gani a talabijin amma ba kasafai ake sanin sunansa ba. Shi ne wannan da ke zaune a ƙarshen benci, jaka a gefen ƙafarsa, idonsa a kan 'yan wasa, da zarar wani ya faɗi alƙali ya ɗaga hannu sai ka ga ya sheƙo a guje. A Kano ana ce masa likitan gashi ko likitan fisiyo, a nan kuwa aikinsa ne Larabawa ke kira ilaj ɗabi'i. Da yawa daga cikinmu mun ɗauka aikinsa tausa ne da fesa ruwan sanyi. To bari mu bi sawun sana'ar daga tushe, mu ga yadda ta zo har bakin ƙofarmu a Wukair.

Kafin zuwan asibiti

Duk wanda iyayensa suka tashi a ƙasar Hausa ya taɓa jin labarin mai ɗori. Idan yaro ya faɗo daga bishiyar mangwaro, ko ɗan kokawa ya sha ƙasa kafaɗa ta goce, gidan mai ɗori ake nufa. Zai shafa wurin da hannu, ya gane ko karaya ce, ko tsagewa, ko gocewa, ko kuwa targaɗe ne kawai. Sai ya ja, ya daidaita, ya jera karare ya ɗaure da tsumma, ya yi tofi, ya ce a dawo bayan kwana kaza. Sana'a ce ta gado, har sarauta gare ta, don akwai garuruwan da ke naɗa Sarkin Ɗori. Ga wanzamai da ƙaho, ga tsofaffi mata da gashi da ruwan zafi da tawul. Daga wannan gashi ne ma Bahaushe ya samo sunan da ya laƙaba wa sana'ar asibitin da ta zo daga baya.

Larabawan wannan yanki su ma suna da nasu, mujabbir suke ce masa, ga kuma hijama da har gobe ake yi a Doha. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan Andalus da ya rasu wajajen 1013, ya ware sashe guda a littafinsa At-Tasrif a kan ɗori da mayar da gaɓar da ta goce. Kun ga ke nan taɓa jikin majiyyaci da hannu don a gyara shi tsohon abu ne a wajenmu.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata. Mai ɗori ba ya ganin abin da ke cikin gwiwa. Jijiyar da ta tsinke a can ciki ba ta da alamar da hannu kaɗai zai tabbatar. Kuma likitocin ƙashi a Arewa sun daɗe suna kuka da ɗaurin da aka matse har jini ya daina gudu, hannu ko ƙafa ta ruɓe, a ƙare da yankewa. Abin da zamani ya ƙara a kan hannun mai ɗori shi ne hoto, da awo, da rubuta abin da ya faru don na baya ya koya.

Yadda ta zama karatu

A Turai ana danganta farkon abin da wani mutumin Suwidin, Per Henrik Ling, wanda ya kafa makarantar motsa jiki a Stockholm a 1813, inda ake koyar da tausa da atisaye a matsayin magani. A Ingila kuwa, a 1894 wasu mata huɗu ma'aikatan jinya suka kafa ƙungiyar masu tausa da suka yi karatu, domin a lokacin sunan sana'ar ya ɓaci saboda gidajen banza da ke fakewa da ita. Wannan ƙungiya ce ta samu amincewar masarauta a 1920. Yaƙin duniya na ɗaya da na biyu suka dawo da dubban samari guragu, cutar shan inna kuma ta naƙasa yara ba adadi, dole aka nemi masu koya wa mutum tafiya a karo na biyu. A 1951 aka kafa ƙungiyar masu wannan sana'a ta duniya a Copenhagen.

A Nijeriya, a 1945 ne wasu Turawan Ingila biyu, Miss Manfield da Mista Williams, suka fara aikin a asibitin ƙashi na Igbobi da ke Legas, suna yi suna horar da mataimaka. Ƙungiyar masu sana'ar ta ƙasa ta tsaya da ƙafarta a 1959, shekarar da aka buɗe asibitin ƙashi na Dala a Kano. Jami'ar Ibadan ta fara ba da digiri a fannin a 1966, aka kafa hukumar da ke ba su lasisi a 1988. Daga baya Kano ta samu makarantarta a Dala, wadda ta koma ƙarƙashin Jami'ar Bayero.

Zamanin soso

To amma fa ƙwallo ba ta yi saurin karɓar waɗannan masu karatu ba. Shekaru da dama, wanda ke kula da 'yan wasa a Ingila tsohon ɗan ƙwallo ne da ya yi ritaya aka rasa inda za a kai shi. Kayan aikinsa bokitin ruwan sanyi, da soso, da wani gishiri mai yaji da ake shaƙa wa wanda ya suma. Ko ina ka ji ciwo, soson nan dai shi za a matsa maka, a ce tashi. Har 'yan kallo suka riƙa yi masa kirari da soso mai sihiri.

Dalili kuwa a fili yake: a wancan zamani babu canji. Idan ɗan wasa ya fita, ƙungiya ta koma mutum goma ke nan. Don haka aikin mai soso shi ne ya tashe ka ko ta halin ƙaƙa. A wasan ƙarshe na kofin FA na 1956, golan Manchester City, Bajamushe Bert Trautmann, ya yi karo da ɗan gaban Birmingham saura minti 17 a tashi. Aka matsa masa soso, ya miƙe yana layi, ya ƙarasa wasan, suka ci 3 da 1. Sai bayan kwana uku hoto ya nuna ashe ƙashin wuyansa ne ya karye. Turawa na ba da labarin a matsayin jarumta, alhali kwana ne kawai ya yi masa gaba. Sai a 1965 gasar Ingila ta yarda da canji, gasar cin kofin duniya kuwa sai a 1970. Ko a wannan shekara ma, a wasan kusa da na ƙarshe da Italiya, Franz Beckenbauer ya ci gaba da wasa hannunsa a saƙale a ƙirji bayan kafaɗarsa ta goce, saboda Jamus ta riga ta ƙarar da canjinta biyu.

Kada dai mu raina mutanen wancan zamani, don cikinsu akwai masu ido. Bob Paisley na Liverpool, bayan ya ajiye takalmi a 1954, shi ya koya wa kansa aikin gashi, ana cewa daga tafiyar ɗan wasa yake gane inda ke masa ciwo. Ya zama kocin ƙungiyar a 1974, ya ɗauki kofin Turai sau 3. Bertie Mee kuwa a rundunar soja ya yi karatun, ya shiga Arsenal a matsayin likitan gashi a 1960, aka ba shi koci a 1966, ya haɗa kofin lig da na FA a 1971. 'Yan Arsenal na Wukair, ga naku nan.

Darasin da aka koya da hawaye

Ranar 12 ga Agusta 1989, a babban filin wasa na Surulere a Legas, Nijeriya na karawa da Angola a wasan neman gurbin kofin duniya, Samuel Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi a minti na 77. Bai sake tashi ba. Shekarunsa 25, kuma bincike ya nuna zuciyarsa ta kumbura. Iyayenmu da suka saurari wasan a rediyo har yau suna tuna ranar. Bayan shekara 14, ranar 26 ga Yuni 2003, Marc-Vivien Foé na Kamaru ya faɗi a tsakiyar fili a Lyon ta Faransa ana wasa da Kolombiya, duniya na kallo. Mutuwarsa ce ta sa FIFA ta matsa a kan gwajin zuciya kafin gasa da ajiye na'urar farfaɗo da zuciya a gefen fili.

An ga amfanin haka. A 2012 zuciyar Fabrice Muamba na Bolton ta tsaya har minti 78, ya rayu. A 2021 Christian Eriksen na Denmark ya faɗi a gasar Turai, aka farfaɗo da shi a kan ciyawa, har ya zo nan ya buga kofin duniya na 2022. A irin wannan hali likitan gashi na cikin waɗanda ke fara isa, kuma mintunan farko su ne komai. Sai ka kwatanta da abin da ya faru a Lafiya ranar 8 ga Maris 2020, inda Chineme Martins na Nasarawa United ya faɗi ana wasa da Katsina United, jaridu suka ruwaito cewa motar asibitin da ke filin ta ƙi tashi. Ya rasu. Ajali idan ya zo babu makawa, amma sakaci ma abin tambaya ne ranar gobe.

Yadda Doha ta shiga labarin

Ƙwallo ta shigo Katar ne ta hannun ma'aikatan mai a Dukhan a ƙarshen shekarun 1940. Ƙungiyar Wakra, wadda ita ce tamu ta kusa, an kafa ta a 1959, ta ɗauki kofin lig a 1999 da 2001. Daga 2003 kuɗi suka shigo harkar sosai, aka kawo su Batistuta da Guardiola da Hierro, sai Jay-Jay Okocha ya biyo baya a 2006. Taurarin nan yawanci sun manyanta, gwiwoyinsu sun sha aiki, ga zafin da ba su saba da shi ba. Duk wanda ya zuba miliyoyi a kan ƙafar mutum kuwa, ai dole ya nemi mai kula masa da ita.

An buɗe makarantar Aspire a 2004, Doha ta karɓi wasannin Asiya a 2006, sannan a 2007 aka buɗe Aspetar, asibitin ƙashi da lafiyar 'yan wasa, kusa da filin Khalifa. Ba a jima ba FIFA ta sa shi cikin cibiyoyin da ta amince da su. Abin da ya bambanta tsarin Katar da na Turai shi ne wannan: an kafa shiri na ƙasa a ƙarƙashin Aspetar wanda ke tura likitoci da masu gashi zuwa ƙungiyoyi, kuma 'yan wasan lig kan je gwajin lafiya a wuri guda kafin kaka ta fara. Hikimar da ke ciki biyu ce. Ta farko, bayanan raunuka na taruwa a hannu ɗaya, a iya yin bincike a kansu. Ta biyu, likitan da ba koci ne ya ɗauke shi aiki ba ya fi iya buɗe baki ya ce wane ba zai buga ba yau.

Kada ka ɗauka wannan na biyun ƙaramin abu ne. A watan Agusta 2015, a wasan Chelsea da Swansea, Eden Hazard ya faɗi dab da tashi, alƙali ya yafito, likita Eva Carneiro da likitan gashi Jon Fearn suka shiga. Doka ta ce wanda aka duba a fili sai ya fita na ɗan lokaci, ga shi an riga an kori golan Chelsea, suka koma tara. José Mourinho ya fusata, ya caccake su a gaban 'yan jarida, aka janye su daga benci. Carneiro ta kai ƙara, aka sasanta a 2016, ƙungiyar ta ba ta haƙuri. Mai wannan aiki kullum yana tsakanin wuta biyu: koci na son maki uku ranar Juma'a, shi kansa ɗan wasan yana rantsuwa ya warke don kada a ƙwace masa gurbi, jijiya kuwa ba ta san da wasan ranar Juma'a ba.

Abin da awo ya nuna

Tun 2001 wani likita ɗan Suwidin, Jan Ekstrand, ke tattara bayanan raunuka daga manyan ƙungiyoyin Turai. Ya gano cewa ƙungiya mai 'yan wasa 25 kan samu rauni kusan 50 a kaka guda, wato biyu ga kowane mutum. Wanda ya fi yawa shi ne yagewar tsokar bayan cinya, wannan da za ka ga ɗan wasa na tsaka da gudu sai ya dafe cinya kamar an harbe shi. A farkon binciken kashi 12 cikin ɗari ne na raunuka, bayan shekara 20 ya kai kashi 24, saboda wasan ya ƙara sauri, wasannin kuma sun ƙara yawa.

Daga nan aikin ya karkata zuwa rigakafi. A 2019 masu bincike na Aspetar suka haɗa sakamakon gwaje-gwaje a kan 'yan wasa sama da 8,000, suka ga wani atisaye mai sauƙi yana rage wannan rauni da kusan rabi. Ka durƙusa, abokinka ya danne maka idon sawu, ka riƙa sunkuyawa gaba a hankali kana riƙe kanka da cinya har ka kasa. Shi ke nan. Ba ya buƙatar riyal ko ɗaya. Haka shirin ɗumama jiki na FIFA 11+, mai ɗaukar minti 20. An gwada shi a kan matasan lig na Legas, ƙarƙashin wani likitan gashi ɗan Nijeriya, Oluwatoyosi Owoeye, aka wallafa a 2014, raunuka suka ragu da kashi 41 cikin ɗari. Ku da ke buga ƙwallon dare a filayen unguwa a Wukair, daga sauka mota sai shiga fili, kun dai ji.

A Nuwamba 2014 masana 24 daga ƙasashe 14 suka zauna a Doha suka daidaita sunayen ciwon matsematsi, wanda kafin nan kowane likita da irin sunan da yake ba shi. Har yau da sunan Doha ake kiran wannan yarjejeniya a littattafan fannin. A 2016 kuma wani binciken Aspetar a kan 'yan wasa 158 da aka yi wa aikin jijiyar tsakiyar gwiwa, wadda ake kira ACL, ya nuna cewa wanda ya koma fili bai cika sharuɗɗa shida na gwajin sallama ba, haɗarin sake tsinkewarta ya ninka sau huɗu. Sauri ya haifi nawa.

Akwai biyu da suka shafe mu kai tsaye. Gwajin zuciya da aka yi wa dubban 'yan wasa a nan ya taimaka wajen gane cewa ma'aunin da aka gina a kan Turawa yana yawan nuna matsala a zuciyar baƙar fata lafiyayye, wanda hakan kan iya jawo wa yaro asarar kwantiragi a banza. An gyara ma'aunin. Sannan a 2011 Aspetar da FIFA suka shirya taro a kan azumin Ramadan da ƙwallo, aka tattauna yadda za a tsara atisaye da barci da shan ruwa tsakanin buɗa-baki da sahur, ba tare da an ce wa ɗan wasa ya ajiye azuminsa ba.

A bakin hanyar Wukair

Filin Janoub, wanda Zaha Hadid ta zana da siffar jiragen ruwan masu su da masu nutson lu'ulu'u, an buɗe shi a Mayu 2019. Ranar 22 ga Nuwamba 2022 Faransa ta kara da Ostareliya a cikinsa. Tun ba a cika minti goma ba ɗan bayan Faransa Lucas Hernandez ya juya zai tare ɗan gaba, ƙafa ta kafe a ciyawa, ya faɗi riƙe da gwiwar dama. ACL ce ta tsinke. Ƙanensa Theo ne ya canje shi, Faransa ta ci 4 da 1, ta kai har wasan ƙarshe, shi kuwa gasarsa ta ƙare a nan.

Talabijin ta nuna minti uku na aikin masu jaka. Abin da ba ta nuna ba shi ne watannin da ke biyo bayan irin wannan rauni: rage kumburi, koya wa gwiwa miƙewa da lanƙwasa, tafiya da sanda, keke, gudu cikin ruwa, ɗaga ƙarfe, tsalle da ƙafa ɗaya ana aunawa da kwamfuta, sannan komawa ciyawa shi kaɗai kafin a bar shi ya haɗu da 'yan uwansa. Yawanci sai an doshi wata tara. A duk tsawon lokacin nan likitan gashi shi ne abokin hirarsa, shi ke ganin ranar da ya karaya ya ce ya haƙura da ƙwallon. Hernandez ya dawo, ya koma Paris Saint-Germain a 2023, sai kuma a Mayu 2024 ta hagu ta tsinke, aka koma farko.

A wannan gasa ce kuma kofin duniya ya fara amfani da ƙarin canji na musamman ga wanda ya bugu a ka. Kwana ɗaya kafin wasan Janoub, golan Iran Alireza Beiranvand ya yi karo da ɗan bayansa, hanci na jini, aka bar shi ya ci gaba na ɗan lokaci kafin ya kwanta da kansa a ɗauke shi. Masana sun yi ta suka. Shekara 66 bayan Trautmann, ashe da sauran soso a cikin jaka.

Kammalawa

Mu da muka tashi a nan, kusan kowane gida akwai yaron da ya yi mafarkin Aspire. Kaɗan ne ƙwarai ke kai wa ga sa hannu a kwantiragi. A ɗaya gefen kuma Baba da Umma sun kafe, ko likita ko injiniya. Ga hanya ta uku a tsakani. Jami'ar Katar na koyar da fannin, Bayero na koyarwa, wanda ya yi karatu a waje kuma sai ya nemi lasisi daga ma'aikatar lafiya ta nan, a tantance takardunsa. Ba daga makaranta ake faɗawa benci ba, sai an yi shekaru a asibiti da ƙananan ƙungiyoyi, ana tashi da asuba ana naɗe idon sawu, babu Juma'a babu hutun Sallah idan akwai wasa. 'Yan uwa mata ma ƙofa a buɗe take, musamman da wasannin mata ke ƙaruwa, kuma da yawa daga cikin iyayenmu mata sun fi sakewa da hannun mace.

Kuma muna da abin da ba kowa ke da shi ba. Yaron da aka ɗauko daga Kano ko Maraɗi ko Kumasi, ya sauka a Doha bai iya Larabci ba, Turancinsa sama-sama, idan ya samu wanda zai ce masa "sannu, nuna min daidai inda ke maka ciwo", rabin jinya ta samu. Wanda ya ƙware a nan kuma, ranar da ya je hutu gida, ko mako guda ya ware ya koya wa masu horar da yaran unguwa atisayen cinya da yadda ake danna ƙirjin wanda zuciyarsa ta tsaya, wallahi ya yi sadaka mai gudana.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Wassalam.